Daidaita ajiyar sabar da ma'ajiyar gajimare

Daidaita ajiyar sabar da ma'ajiyar gajimare hanya ce ta tura kwafin bayanan da ke cikin sabar zuwa rumbunan wani kamfani da ke nesa, ta intanet, a kai a kai, ba tare da mutum ya sa hannu kowace rana ba. Sabar ita ce kwamfutar da ke riƙe da shafin intanet, ko imel, ko rumbun bayanan wata ma'aikata, wasu kuma suna kiranta uwar garke. Gajimare kuwa suna ne da ake kiran manyan cibiyoyin kwamfuta da kamfanoni ke bayar da hayar wurin ajiya a cikinsu. Manufar aikin ita ce idan faifan sabar ya lalace, ko gobara ta tashi, ko aka yi kutse, a samu inda za a ɗauko bayanan a mayar. Daidaitawa kaɗai ba ta cika wannan manufa, domin takan kwafi kuskure kamar yadda take kwafar daidai, shi ya sa ake haɗa ta da wasu matakan kariya.

Tarihi

Kafin yaɗuwar gajimare, ma'aikatu suna zuba kwafin bayanansu a kaset na maganaɗisu su kai shi wani gini daban. A shekarar 1996 Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fitar da manhajar rsync, wadda ke gwada fayilolin kwamfutoci biyu ta tura abin da ya canza kawai. A watan Maris na 2006 kamfanin Amazon ya buɗe S3, inda kowa zai iya hayar wurin ajiya ya biya gwargwadon abin da ya zuba. Google Drive ya biyo baya a 2012.

Rsync ba ta iya magana kai tsaye da irin waɗannan ma'ajiyoyi, don kowane kamfani da tasa ƙofar shiga. A 2012 wani masanin manhaja ɗan Birtaniya, Nick Craig-Wood, ya fara rubuta rclone da harshen Go domin cike wannan gurbi, kuma sigar 1.0 ta fito a 2014. Manhajar kyauta ce, a ƙarƙashin lasisin MIT, tana aiki a Linux da Windows da macOS, kuma tana haɗuwa da ma'ajiyoyi da dama, har da S3 da Google Drive da Backblaze B2 da OneDrive.

Yadda ake kafa shi

Aikin yana farawa da zaɓar abin da za a ajiye. Yawanci ana ɗaukar fayilolin shafi, da saitunan sabar, da rumbun bayanai. Ba a kwafar fayilolin rumbun bayanai kai tsaye yayin da yake aiki, domin ana iya samun kwafin da ya kama rubutu rabi da rabi, wanda ba zai buɗe ba. Sai a fara fitar da shi zuwa fayil ɗaya da mysqldump idan MySQL ne, ko pg_dump idan PostgreSQL ne, sannan a tura wannan fayil.

Mataki na biyu shi ne buɗe asusu a wajen kamfanin ajiya. A tsarin S3 ana ƙirƙirar wurin zuba fayiloli da ake kira bokiti, a karɓi makullai biyu, ɗaya na shaida ɗaya na sirri. Ana so makullin da aka ba sabar ya tsaya ga bokiti ɗaya kawai, kada ya zama na asusun gaba ɗaya.

Daga nan sai a gudanar da umarnin rclone config, wanda ke tambayar nau'in ma'ajiya da makullai, ya adana amsoshin a fayil mai suna rclone.conf. Duk wanda ya samu wannan fayil ya samu hanyar shiga ajiyar, saboda haka ake taƙaita izinin karanta shi ga mai kula da sabar.

Mataki na ƙarshe shi ne sanya lokaci. A Linux ana amfani da cron ko agogon systemd. Layin cron da ya fara da 0 2 * * * yana nufin aikin ya tashi da ƙarfe 2 na dare kullum, lokacin da masu ziyara suka ragu.

Bambancin kwafi da daidaitawa

Rclone tana gane fayil ɗin da ya canza ta duba girmansa da lokacin da aka taɓa shi, ko lambar tantancewarsa. Umarnin copy yana tura sababbin fayiloli da waɗanda suka canza, amma ba ya goge komai a can. Umarnin sync yana mayar da ma'ajiyar gajimare daidai da sabar, har da goge duk abin da babu shi a sabar. Idan ma'aikaci ya share folda bisa kuskure da rana, sync na dare zai share ta a gajimare ma. Idan manhajar neman kuɗin fansa ta kulle fayiloli, kullallun ne za su maye gurbin masu kyau.

Akwai hanyoyin rage wannan haɗari. Zaɓin --dry-run yana nuna abin da umarni zai yi ba tare da ya aikata ba. Zaɓin --backup-dir yana matsar da fayilolin da za a goge ko a maye gurbinsu zuwa wata folda, wadda ake sa wa kwanan wata. A ɓangaren kamfanin ajiya ana iya kunna adana tsofaffin sigogi, ko kulle fayil na wasu kwanaki ta yadda ko mai makulli ba zai iya share shi ba. Manhajoji irin su restic da BorgBackup suna ajiye hoton bayanai na kowace rana daban, kuma restic tana iya bi ta rclone zuwa gajimare.

Sirri da doka

Bayanan da aka tura suna zaune ne a kwamfutar wani. Rclone tana da sashe mai suna crypt da ke rikita abin da ke cikin fayil da sunansa tun kafin ya bar sabar, ta yadda kamfanin ajiya ba zai iya karantawa ba. Idan kalmar sirrin ta ɓace, bayanan sun tafi ke nan, don haka ake adana ta a wani wuri daban da sabar. Dokoki ma suna da ta cewa kan fitar da bayanan mutane zuwa wata ƙasa, kamar GDPR ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018, da Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023.

Kuɗi da saurin layi

Kamfanoni suna cajin kuɗi kan kowace gigabait a wata, wasu kuma suna ƙara caji idan aka sauke bayanai. Turawar farko ce ta fi cin lokaci. Gigabait 100 a layi mai saurin megabit 10 a daƙiƙa yana ɗaukar kimanin awa 22, kuma maido da shi a irin wannan layi zai ci kusan haka. Zaɓin --bwlimit yana rage saurin turawa don kada ajiya ta cinye layin gaba ɗaya.

Darussa daga abin da ya faru

Ƙa'idar 3-2-1, wadda mai ɗaukar hoto Peter Krogh ya yayata, tana cewa a riƙe kwafi 3, a kan nau'in ma'ajiya 2, 1 daga ciki a wani wuri mai nisa. A ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye cibiyar SBG2 ta kamfanin OVH a Strasbourg da ke Faransa, kuma wasu abokan cinikin da ajiyarsu ke wuri ɗaya da sabarsu sun rasa duka biyun.

A ranar 31 ga Janairu 2017 an goge babban rumbun bayanan GitLab bisa kuskure. Kamfanin ya bayyana cewa ajiyarsa ta pg_dump ta daina aiki ba tare da an lura ba, aka koma ga wani kwafi da aka ɗauka kimanin awa 6 kafin lamarin, abin da aka rubuta a tsakanin ya salwanta. Wannan ne dalilin da masu kula da sabar ke sa tsarin ya aika saƙo idan aikin dare ya gaza, suna gwada fayilolin ɓangarorin biyu da rclone check, kuma lokaci zuwa lokaci suna sauke ajiyar a wata kwamfuta daban su tabbatar shafin da rumbun bayanan sun tashi.