Jami'ul Azhar da Rayuwar Almajiranta a Ruwaƙai

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta (SAW). Bayan haka:

An aza harsashin masallacin Azhar a birnin Alƙahira a shekara ta 359 bayan Hijira (970 Miladiyya) a hannun Jauharus Siƙilli, kwamandan rundunar Faɗimiyyawa, aka yi Juma'ar farko a cikinsa a watan Ramalan na 361 (972). A 988 waziri Ya'aƙubu ibn Killis ya yanka wa wasu malaman fiƙihu albashi, ya gina musu masauki kusa da masallacin, daga nan karatu ya kafu. Bayan Salahuddinil Ayyubi ya kawar da daular Faɗimiyyawa a 1171, an dakatar da huɗuba a Azhar kusan shekara ɗari, sai a 665 Hijiriyya Sarki Baibaras ya mayar da ita.

A da, almajirin da ya tare a Azhar ana kiransa mujawiri, masaukinsa kuwa ruwaƙi. An raba ruwaƙan bisa ƙasa ko mazhaba: akwai na Magaribawa, na Shamawa, na Turkawa, na mutanen Jawa, na Sinnar, da na Barnawa, makafi kuma suna da zawiyarsu. Kowane ruwaƙi yana da shehinsa mai kula da ladabi da raba gardama. Almajiri yana kwana a kan tabarma, littattafansa da 'yan tufafinsa suna cikin akwati. Abincinsa gurasa ce da ake kira jaraya, wadda ake rabawa daga dukiyar waƙafi. Adadinta ƙayyadadde ne gwargwadon sharaɗin mai waƙafi, saboda haka baƙo yakan jira har gurbi ya samu kafin a rubuta sunansa.

A wancan zamani malami yakan zauna jikin ginshiƙinsa, almajirai su kewaye shi. Bayan Asuba tafsiri da hadisi, da hantsi fiƙihu, bayan Azahar nahawu da balaga. Almajiri ne ke zaɓen malaminsa, in ya sauke littafi ya ƙware a ba shi ijaza. Sai a 1872 aka kafa jarrabawar Alimiyya.

Malikawan ƙasar Hausa sun daɗe da sanin mazajen wannan gida ta littattafansu. Wanda ake ƙirgawa a matsayin Shehun Azhar na farko shi ne Muhammadul Kharashi, mai sharhin Mukhtasar, wanda ya rasu a 1690. Shehu Ahmadud Dardiri, mai Aƙrabul Masalik, ya shugabanci ruwaƙin mutanen Sa'id, kuma muridin Shehu Hifni ne a ɗariƙar Khalwatiyya. Ya rasu a 1786. Fiƙihu da tarbiyyar zuciya a wajensu tafiya ɗaya ce. A Alƙahirar ne kuma Shehu Muhammadul Kashnawi, mutumin Katsina, ya karantar, ya cika a 1741 a gidan Shehu Hasanul Jabarti. Allah Ya ƙara musu yarda.

Gidan ya sha jarrabawa. A Oktoba 1798 mutanen birni suka yi wa Faransawa bore, sojojin Napoleon suka yi wa masallacin ruwan igwa, suka shiga da dawakansu. Duk da haka darasi ya dawo. Dokar 1930 ta kafa kwalejojin Usuluddini, Shari'a da Larabci, ta 1961 kuma ta shigo da likitanci, injiniyanci da aikin gona. Baƙin ɗalibai suka koma Madinatul Bu'us, unguwar da aka gina dominsu.

Dauloli da dama sun shuɗe a Masar, Azhar tana nan. Abin da ya riƙe ta tsawon ƙarnuka shi ne malamin da ya lizimci ginshiƙinsa, da mai hali da ya tsayar da waƙafi domin ɗan talaka daga nesa ya sami gurasa ya yi karatu. Makarantun zaure da zawiyoyi suna buƙatar irin waɗannan biyun. Allah Ya raya ilimi da ma'abotansa, amin.