Zubi da Kwasa: Tarihin Adashi a Kwanakin Tsada

Da la'asar sakaliya, a lungunan Kano, Zariya ko Maraɗi, ba wuya a ga yarinya ta yi sallama wani gida, ta kwance bakin mayafinta, ta miƙa wa matar gidan 'yan kuɗi tana cewa, "Wai in ji Inna ga zubinta na yau." Matar za ta ƙirga, ta jawo wani tsohon littafin makaranta daga ƙarƙashin katifa, ta ja layi a gaban suna. Wannan ita ce uwar adashi, kuma a gidaje da dama littafin nan nata ne ke yanke ranar da za a sayi buhun masara ko a kai mara lafiya asibiti.

Tsarin ba shi da wuyar ganewa. Mata goma su yarda kowacce ta riƙa zuba dubu biyar duk mako, ɗaya ta kwashi dubu hamsin, har a zagayo kan kowa. Mai hali ta shiga hannu biyu, marasa ƙarfi biyu su haɗu a hannu ɗaya. Abin da ka zuba shi za ka ɗauka, babu kuɗin ruwa, shi ya sa malamai da yawa suka ɗauke shi a matsayin rance tsakanin 'yan'uwa.

Ba Hausawa kaɗai suka san wannan dabara ba. S. F. Nadel ya bayyana irinta a tsakanin Nufawan Bida cikin littafinsa na 1942, William Bascom kuma ya yi rubutu a kan ta Yarabawa a 1952. Amma a ƙasar Hausa adashi ya yi saiwa ne musamman a cikin gida, wajen matan kulle masu sana'ar ƙosai, fura, ƙuli-ƙuli, kitso da saƙa. Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a Kano a shekarun 1970, ta nuna yadda yara masu talla da zuwa aike suka zama ƙafafun kasuwancin iyayensu mata. Ribar irin wannan sana'a kaɗan-kaɗan take shigowa, in aka bar ta a hannu cefane ya cinye. Adashi ne ke dunƙule ta ta zama kwalla da langa na kayan ɗakin 'ya, ko gudummawar biki, ko akuyar kiwo.

A wancan lokaci magani bai cika shiga wannan lissafi ba. Wanzami da ungozoma da mai ɗori ana sallamarsu ne da abin da ya sawwaƙa, kuma a shekarun da man fetur ke tashe asibitin gwamnati kan ba da magani kyauta ko a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Shekarun 1980 ne suka juya al'amarin. Farashin mai ya faɗi, gwamnatin Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982. A sanarwar juyin mulkin 31 ga Disamba 1983, Sani Abacha ya ambaci asibitocin da suka koma wurin ganin likita kawai, babu magani, cikin hujjojin sojoji. A 1986 Babangida ya kawo shirin gyaran tattalin arziki na SAP, naira ta karye, maganin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tsada. Shekara guda bayan haka ministocin lafiya na Afirka suka amince a Bamako da tsarin da mara lafiya zai riƙa biyan kuɗin magani, a juya kuɗin a sake sayo wani. Sannu a hankali zuwa asibiti ya zama jerin biya: kuɗin kati, kuɗin gwaji, kuɗin gado, ledar ƙarin ruwa, sannan takardar da likita zai rubuta a je kemis a sayo. A Nijar kuma, karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994 ta ninka kuɗin duk abin da ke zuwa daga Faransa, har da magunguna.

Nan ne raunin adashi ya fito fili: ciwo ba ya jiran layi. Matar da kwasarta sai nan da wata uku, in naƙuda ta zo da gardama aka ce sai tiyata, ba ta da abin yi illa ta roƙi uwar adashi. Ita kuma ta bi gida-gida tana neman wadda za ta haƙura ta yi musayar layi. Sau da yawa akan samu, don gobe ma rana ce, amma alfarma ce ba haƙƙi ba.

Gyara mafi shahara ga wannan rauni daga Maraɗi ya fito. A 1991 ƙungiyar CARE, ta hannun wata ma'aikaciyarta 'yar Norway, Moira Eknes, ta fara aiki da matan karkara a kan tsarin da aka sa wa suna Mata Masu Dubara. Maimakon mutum ɗaya ya kwashe zubin mako, sai a bar shi a akwatin ƙarfe, wadda buƙata ta taso mata ta ranta ta biya da ɗan ƙari, a ƙarshen zango a raba abin da ya taru. A salon da ya yaɗu daga baya, akwatin na da kwaɗo uku, makullan na hannun mata uku daban-daban, ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Akwai kuma wani ɗan asusu na gefe da aka keɓe don rashin lafiya da rasuwa. Tsarin da aka gwada a ƙauyukan Maraɗi yau ana aiki da shi a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya.

Gwamnati ma ta gwada nata. An kafa dokar inshorar lafiya ta Najeriya a 1999, aka fara aiki da ita a 2005, amma galibi ma'aikatan gwamnatin tarayya ta amfana. A 2022 Buhari ya sa hannu a sabuwar doka da ta wajabta inshorar a kan kowa. Duk da haka alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na nuna fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye.

Sai ga 2023 ta tono rauni na biyu. Ƙarancin takardun naira a farkon shekarar ya tura zubi zuwa waya da masu POS, littafin uwar adashi ya fara komawa WhatsApp. A ƙarshen Mayu aka janye tallafin mai, a Yuni aka saki naira, dalar da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. A Agustan 2023 kamfanin magunguna na GSK ya sanar da rufe harkarsa a Najeriya, farashin Augmentin da abin shaƙar masu asma na Ventolin ya yi tashin gwauron zabo. A irin wannan yanayi mai kwasar farko ce ke da riba, ta ƙarshe kuwa adadin kuɗinta cikakke ne, amma abin da zai saya ya ragu.

Saboda haka masu adashi suka sake lale. Wasu sun gajarta zagaye don kuɗi kada ya daɗe a hanya. Wasu sun bar raba kuɗi gaba ɗaya, suka koma adashin kayan abinci: a tara zubi, a sari shinkafa, mai da taliya a kan farashin sari kafin azumi, a raba wa kowa kasonsa. Magidanta kuma suna ta watanda, su haɗa kuɗi su sayi sa a yanka a kasa, tunda naman mahauci ya fi ƙarfin aljihun mutum ɗaya.