Zakkar kono

zakkar kono (suna, mace, ana kuma cewa zakkar fidda kai). Hatsin da magidanci ke aunawa a ƙarshen azumi, mudun Annabi huɗu kan kowane mutumin da yake ciyarwa, har jariri, daga abin da aka fi ci a garin, kamar gero, dawa ko masara. Ya kamata a fitar da ita kwana ɗaya ko biyu kafin ƙaramar Sallah, malaman Malikiyya ma sun halatta hakan. Wani zai ce safiyar Idi aka fi so. Gaskiya ne, amma gero sai an surfa, an wanke, an kai niƙa. Matar da aka miƙa wa tsaba ana shirin tafiya Idi, yaushe za ta tuƙa wa 'ya'yanta tuwon Sallah?