Ƙaho a Madina, da dalilin hana ƙanwata

Sana'ar ƙaho ta daɗe a Madina. Abu Ɗaiba ya yi wa Manzon Allah (SAW) ƙaho, aka sallame shi da abinci. Kakanninmu da suka yo gabas bayan yaƙin Burmi na 1903 sun iso da wanzancinsu, aska da ƙahon sa a zabira. Yau kofin roba ake kafawa, a asibiti mai lasisi.

Ƙanwata kam likita ya hana ta yin ƙaho. Lupus gare ta, ga ciwon ƙwan mahaifa mai rikita al'ada. Prednisolone, dangin kotizon da aka fara ba masu ciwon gaɓɓai a Amurka a 1948, ya kumbura mata fuska, fatarta ta yi laushi, 'yar tsaga sai ta yi makonni ba ta warke ba. Inna tana ganin an raba 'yarta da sunna. Ni ina bayan likita.