Daga dazukan Suwidin zuwa garejinmu: tarihin mota mai ƙugiya

Yau tarihinmu na wani ƙarfe ne da kowa ya saba gani, daga Maradi har Damagaram, daga Tawa har Yamai: kamiyon nan mai hannu naɗe a bayan kan mota, wanda ke miƙewa ya ɗauki gurup ko tankin shato ya dire shi inda ake so. Wasu su ce mota mai ƙugiya, masu Faransanci su ce kamiyon grue, maƙwabtanmu na Najeriya kuma su ce hayab. To wannan suna na ƙarshe, asalinsa sunan kamfani ne, kuma a cikinsa labarin yake.

Tushen abin ya girmi mota da kanta. Wani masani Bafaranshe, Blaise Pascal, wanda ya rasu a 1662, shi ya bayyana cewa in ka matsa ruwan da ke kulle a cikin mazubi, matsin yana isa ko'ina daidai wa daida. Ma'ana, ƙaramin ƙarfi a siririn bututu zai iya zama babban ƙarfi a faffaɗan bututu. A 1795 wani Bature ɗan Ingila, Joseph Bramah, ya yi rajistar injin matsa kaya da ke aiki da wannan dabara. A 1846 kuma William Armstrong ya kafa ƙugiya mai aiki da matsin ruwa a bakin kogin Tyne, a birnin Newcastle, tana sauke kayan jiragen ruwa. Amma waɗannan duk a kafe suke wuri guda. Kaya ne ke zuwa wurinsu.

Wanda ya ɗora dabarar a bayan mota shi ne Eric Sundin, mutumin garin Hudiksvall a ƙasar Suwidin. Sana'arsa ta asali ƙera katakon da Turawa ke sulu da shi a kan ƙanƙara, don haka kullum yana hulɗa da masu jigilar gumagumai daga daji. Sai ya lura da wani abu: lokacin da mutane ke fama da lodin itace, injin mota yana nan zaune ba ya aikin komai. Me zai hana injin ya juya famfo, famfo ya tura mai, mai ya ɗaga hannu, mota ta yi wa kanta lodi? A 1944 ya kafa kamfanin Hydrauliska Industri AB, wanda aka taƙaita ya zama Hiab, a 1947 kuma aka fara ƙera ƙugiyar da yawa don sayarwa.

A 1956 kamfanin ya fito da samfurin da ya raɗa wa suna Giwa, mai hannu da ke lanƙwashewa a tsakiya kamar gwiwar hannun mutum. Wannan gwiwa ita ta canza komai. Hannun yana naɗewa ya kwanta a ɗan wuri bayan kan mota, ya bar bodi gaba ɗaya don kaya, kuma yana iya kutsawa ƙarƙashin rumfa ko ya tsallake katanga. Wasu ƙasashe suka bi sahu. A Ostiriya, gidan Palfinger da ya fara a 1932 a matsayin ɗan garejin gyara ya ƙera ƙugiyarsa ta farko a 1959. A Italiya aka kafa Fassi a 1965. Har gobe waɗannan sunaye ne za ka fi gani a jikin waɗanda ke shigo mana.

A nan gida, lokacin da ake wannan ƙirƙira a Turai, lodinmu a kan 'yan dako yake. Dattawan Maradi da Damagaram na tuna zamanin gyaɗa da kamfanin SONARA, lokacin da buhu bayan buhu ke hawa mota a kan ƙarfin wuya da kafaɗa. Buhu yana rabuwa tsakanin mutane, shi ya sa har yau 'yan dako ke riƙe da gero da siminti. Amma taransifoma ba ta rabuwa, haka turken lantarki na kankare da injin niƙa da kwantena. Da irin waɗannan kaya suka yawaita, sai mai ƙugiya ta samu kasuwa. Sabuwa kuwa ta fi ƙarfin aljihun yawancinmu, don haka tsofaffin Turai ake saye. Shekara da shekaru ta Kwatano suke biyowa zuwa Gaya, da aka rufe iyakar Benin a 2023 kuma kaya da yawa suka koma bin Lome da Burkina, hanya ta yi tsawo, kuɗi ya ƙaru.

To ga inda tarihin ya shafe mu kai tsaye. Ƙafafun da ke fitowa gefe su dafa ƙasa, bawul ɗin da ke riƙe hannu ko da tiyo ya fashe, na'urar da ke tsayar da aiki in kaya sun wuce kima, duk an saka su ne don maganin haɗarin da aka sani. Tun 1995 Tarayyar Turai ta wajabta wa sababbin injuna cika sharuɗɗan tsaro kafin a manna musu alamar CE. Abin takaici, sau da yawa in ƙugiya ta iso garejinmu, na'urar ta fara ƙara ko ta tsayar da hannu, sai a ce tana da fitina, a tsinke wayarta. Wanda ya yi haka ya mayar da motarsa baya da shekara hamsin, ya kuma ɗora ran aparanti a kan sa'a.

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma gara ka san girman ramukan tun kafin ka biya. Fara da farantin ƙarfen da ke jikinta mai ɗauke da lamba da shekarar ƙira, sannan jadawalin nauyi. In babu su, ka saya a makance. Ana auna ƙarfin ƙugiya da tan sau mita: mai tan-mita 10 za ta ɗaga kusan tan 5 a nisan mita 2, amma in ta miƙe mita 10 da ƙyar ta ɗaga tan 1, wato buhun siminti 20 kacal, don shi ma hannun yana da nasa nauyin. Dillali zai faɗa maka lambar kusa, aikinka kuma a nesa yake. Ka duba gindin ginshiƙi da wuraren gwiwa ko akwai tsaga. Sabon fenti a wuri ɗaya abin tuhuma ne, sau da yawa walda yake ɓoyewa. Sannan a ɗaga kaya kaɗan sama da ƙasa, a saki hannun sarrafawa, a zuba ido: in kayan na sauka da kansu, silinda ko bawul ya gaji.

Wajen ɗora ta a kan mota nan ma ake yawan tafka kuskure. Ba a ɗaure ƙugiya kai tsaye a shasi. Ana shimfiɗa wani ƙaramin shasi a bisa don ya raba nauyi da murɗawa, a ɗaure shi da kusoshi masu ƙwari yadda masu ƙera motar suka tsara. Walda ko huda leɓen shasi yana raunana shi, wata rana ya tsage a tsakiyar hanya. Famfon mai kuma dole ya dace da abin da ƙugiyar ke buƙata. In ya yi mata yawa, mai ya yi zafi, hannu ya riƙa fizga, ga kuma zafin bazararmu. A tuna nauyin ƙugiya yana cin wani kaso na kayan da motar za ta ɗauka, yana kuma danne ƙafar gaba, alhali doka mai lamba 14 ta UEMOA ta 2005 ta ƙayyade nauyin da kowace ƙafar mota za ta ɗauka.

Ranar aiki kuwa, ƙafafun dafa ƙasa su fita har ƙarshe, gefe biyu, a sa musu katako mai kauri a ƙasa, domin ƙasarmu rairayi ce, da damina kuma ta yi laushi. A ɗaga kai a dubi wayoyin NIGELEC kafin a taɓa komai. Dokar aiki ta Faransa ta ce a bar tazarar mita 3 daga wayar da ba ta kai bolt 50,000 ba, mita 5 in ta kai, don wuta na iya tsallakowa ba sai an taɓa ba, kuma mai riƙe da hannun sarrafawa a ƙasa ta jikinsa za ta bi. Kada kowa ya tsaya ƙarƙashin kaya, a kori yara masu kallo nesa. Kada a nemi wurin yoyon mai da tafin hannu, matsinsa na huda fata. In an gama, a naɗe hannu a kulle ƙafafu kafin mota ta motsa.

In haɗari ya faru mukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne rai na hannun Allah, amma an ce mu ɗaure raƙuminmu sannan mu yi tawakkali. Sundin ya ƙirƙiro wannan hannu ne don ya sauƙaƙa wa mai lodi, bai kamata a hannunmu ya zama ajalinsa ba. Masu motoci, direbobi da makanikai da ke bibiyar wannan shafi, ku isar wa abokan aikinku. Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a nema.