Asalin Kalmar Sorbet

Akwai wani abin marmari da Turawa kan sha bayan cin abinci, sunansa sorbet. Ruwan 'ya'yan itace ne da sukari, wanda aka daskarar kamar ƙanƙara. Faransawa ba su furta harafinsa na ƙarshe, sai su ce "sorbe".

Amma kalmar ba ta Turawa ba ce. Tushenta Larabci ne, daga shariba, watau ya sha. Farisawa suka ce sharbat, Turkawa kuwa sherbet. A zamanin nan abin sha ne mai zaƙi, ana sanyaya shi da ƙanƙarar da akan sauko da ita daga kan duwatsu.

Cikin ƙarni na 16, ta hanyar ciniki da Turkawa, sunan ya shiga Italiya, ya zama sorbetto. Can aka riƙa gauraya ƙanƙara da gishiri, a nitsa tukunyar abin shan a ciki har ya daskare. A shekarar 1694 Antonio Latini ya buga yadda ake haɗa shi a birnin Napoli.

Ta haka abin da a da ake kurɓa a moɗa ya koma sai da cokali, amma har yau da sunan Larabawa ake kiransa.