Wufa

wufa (suna, mace, jam'i: wufofi). Nau'in lasifika ce mai faɗin baki, wadda aka ƙera musamman domin fitar da kaurin sauti da rugugi, wato amon da ke kaɗawa kimanin sau 20 zuwa 200 a daƙiƙa guda, wanda ƙananan lasifikokin ƙofar mota ba su da ikon bayyana shi bisa haƙiƙarsa. Galibi faɗinta inci 8 ne, ko 10, ko 12.

A motar a-kori-kura, da yake gidan direba ƙuntatacce ne, al'adar ma'abota sana'ar haɗa lasifika a mota ita ce su sanya ta cikin siririn akwatin katako, su cusa shi bayan kujera ko ƙarƙashinta. Sa'an nan, tun da rediyon mota ba ya wadatar da ita da ƙarfi, sai su haɗa ta da amfilifaya, su jawo kakkaurar waya daga batir, su ɗaure wata a jikin ƙarfen motar inda aka kankare fenti. Wajibi ne a sa fis dab da batir domin rigakafin gobara.

Misali: Direba, rage wufar nan, ana kiran salla.